Kiran da Ba a Amsawa

Ku gyara zama, ku ba ni aron kunnuwanku, in na gama in mayar muku da abinku. Tun da na dawo ban samu sakat ba. In na shiga kasuwa a tare ni, in na je suna a tare ni, har matan Madekali da ke kawo mini albasa sai sun aje kaya sun ce, "Inna, yaya ƙasar Faransa?" Na gaji da ba da shi guntu-guntu. Yau zan faɗe shi duka, autata Ramatu tana rubutawa, wanda ya sake tambaya a karanta mishi. Ni ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. Amma abin da idona ya gani da abin da kunnena ya ji, ba mai gyara mini shi.

Ɗana na fari kun san shi. Ku kuna ce mishi Likita, ko da yake ba ya ba da magani. Ni ina cewa yayan Ramatu. Haka uwata ta yi da babban wanmu, haka tata uwar ta yi: ɗan fari ba a kama sunanshi, ba a yi mishi wasa gaban mutane, magana ma sai ta bi ta bakin wani kafin ta kai gare shi. Ya daɗe a Faransa. Aikinshi kunne ne da ƙwaƙwalwa, wato yadda magana ke shiga kunnen mutum ta wuce can ciki har mutum ya gane da shi ake.

Ina rumfata bayan la'asar matarshi Salamatu ta kira salular Ramatu. Ta ce ya faɗi a wurin aiki, jijiya ta fashe mishi a kai, yana kwance asibiti, bai mutu ba, bai tashi ba. Ta ce likitoci suna son su san ko da sauran mutum a cikin jikin. In da shi, za su ci gaba da riƙo. In sun tabbata babu, za su zauna da ita a yi maganar na'urorin da ke riƙe da numfashinshi. Ta ce, "Inna, sun ce muryar uwa ita ce farkon abin da mutum ke ji tun yana ciki. Sun ce ki zo."

Ban yi kuka ba, akwai mutane. Na rufe albasata da buhu na tahi gida.

Ranar tashi ƙanena ya ƙetaro kogi daga Gaya cikin kwalekwale, don gada a rufe take, ya iso tasha wandonshi jiƙe har gwiwa. Ya yi mana addu'a, ya ba ni ƙullin kilishi ya ce, "In ya farka ki ba shi, ya san hannun mai yin shi." Motar Kwatano ta ɗauke mu ni da Ramatu. Ba mu wuce Gene ba jandarma sunka tsai da mu, sunka duba takardu, ɗaya ya ce hotona bai yi kama da ni ba. Na ce, "Ɗana, ranar da anka ɗauke shi ban da damuwa." Ya miƙo mini abina.

Gaba da Kandi motar ta mutu, rana tsaka. Munka sauka munka zauna ƙarƙashin wani ƙaton icce. Ba iska, ba tsuntsu, kowa ya yi shiru saboda zafi. Sai na ji muryar wata yarinya ƙarama, kusa da ni ƙwarai, tana cewa, "Baba! Baba! Baba!" Na waiga dama, na waiga hagu, ba yarinya a cikinmu. Wani Bazabarme mai saida shinkafa ya sa hannu aljihu ya ciro salula, muryar ta yanke. Da ya gama magana na ce, "Malam, wa ke cikin abin nan?" Ya ce, "Ɗiyata ce. Ta rasu bara. Muryar ce ta rage mini, na sa ta ta riƙa kirana." Na yi mishi ta'aziyya. Amma na ja tabarmata na koma ɗaya gefen iccen, kuma har munka isa Paraku, duk sanda anka kira shi sai tsikar jikina ta tashi.

A Kwatano munka sauka Zango, gidan ɗan wata ƙawata. Ɗaki ne mai gumi, zanen da ka shanya da safe ka same shi da danshi da yamma. Sunka ba mu wani tuwon masara mai tsami a naɗe cikin ganye, da miyar tumatir mai yaji har kunne. Ramatu ta ci ta ƙara, ni na roƙi fura ba a samu ba. Sunka kai ni in ga teku. Ni haifaffiyar bakin kogi ce, amma ruwan da ba a hango ƙetarenshi ban yarda da shi ba. Wurin neman biza kuwa, anka ce in ɗora yatsuna bisa wani gilashi mai haske, gilashin ya ƙi karɓa, wai lalle da ɓawon albasa sun cinye zanen. Sai da na wuni ina murza hannu da lemun tsami, kamar amarya, kafin ya yarda ni mutum ce.

Jirgin sama ba zan daɗe kanshi ba. Kunnena ya toshe, na tambayi alƙibla anka ce tana sauyawa, na yi sallata a zaune na bar wa Allah sauran.

Iyakar Faransa ba gada ba ce, ba shinge ba, wani ɗan ɗakin gilashi ne da mutum ɗaya a ciki. Ya dubi paspor ɗina, ya dube ni, ya yi magana. Ramatu ta ce, "Inna, wai wurin wa kinka zo?" Na ce, "Wurin yayanki." Ta faɗa mishi. Ya sake magana. Ramatu ta yi ƙasa da murya ta ce, "Wai ki faɗi sunanshi." Na ce, "Ke ba ki da baki?" Ta faɗa. Mutumin ya kaɗa kai, ya nuna ni da alƙalami, wai ni yake tambaya. Na ƙi faɗa. Layi ya taru bayanmu. Anka kai mu gefe, anka kira wani babba, Ramatu tana ta Faransanci tana zufa cikin sanyi, wai suna mamakin uwar da ba ta san sunan ɗanta ba. Da ƙyar takardar asibiti ta fid da mu. Muna fita kuma karen duwan, wato 'yan kwastan, ya zo ya zauna gaban jakata kamar an aiko shi. Sunka buɗe, sunka ɗauke kilishin ƙanena da daddawata. Ramatu ta ce, "Inna, kin ga abin da kunyarki ta ja mana." Na ce, "Kunyata ce ta kira karen?"

Garin yana da kogi, amma sun ɗaure shi tsakanin bangon dutse biyu. Ba mai wanki, ba masunci, ba yaro ko ɗaya a bakinshi. Gidan Salamatu yana can sama, ana shiga wani akwatin ƙarfe ya ɗaga mutum, kuma cikin akwatin wata mace tana magana, ba mace. Cikin motar gari ma haka, wata tana faɗin unguwanni, ba ta zaune ko'ina. Maƙwabta kuwa, masu jini da nama, ku haɗu a ƙofa ba sannu. Na ce wa Salamatu, "Ƙasar nan bango ke gaisuwa, mutane sun bari." Ta yi mini tuwo da wani garin alkama mai tsaki-tsaki, da kuɓewa daga cikin ƙanƙara. Jikata Nana ta kawo mini wani cuku mai wari ta ce in ɗanɗana. Na ce, "Kishiya, kashe ni za ki yi ki gaje mijin?" Ta yi dariya, sannan ta fashe da kuka, don ta tuna ubanta.

Da munka je asibiti na tsaya bakin ƙofa. Yana kwance, igiyoyi a hanci, igiyoyi a hannu, ƙirjinshi yana tashi yana sauka daidai da wata na'ura mai huci. Ban iya duban fuskarshi ba, ban saba ba. Ƙafafunshi na duba. Na gane tabon da ƙugiyar kifi ta yi mishi yana yaro. Na ja bargo na rufe su.

Washegari wata Baturiya ta zo ta ɗauke mu zuwa inda yake aiki. Sunanta Madam Kuloodin, doguwa, gashinta ya fara fari, tare suke bincike shekara da shekaru. Ta zaunar da ni gaban ordinater, wato kwamfuta, ta ce tana so in san wane ne ɗana a wurinsu. Ta nuna mini wani dogon jeri, ta ce kowane layi takarda ce da ya rubuta kan abin da ya gano. A gefen kowane layi akwai lamba. Na ce, "Lambar ta mi ce?" Ramatu ta fassara: duk malamin da ya yi rubutu ko'ina a duniya, in ya dogara da aikin yayanta, dole ya ambaci sunanshi a ƙarshen nashi rubutun, kuma na'ura tana ƙirga kowane ambato. Na ce, "To, kamar malamanmu in za su kawo hadisi, wane ya ji daga wane." Madam ta ce haka ne daidai. Ta ce da wannan ƙirgar ake sanin nauyin malami, da ita ake ba shi wurin aiki da masu taya shi, ko a hana shi.

Layin da ke sama duka lambarshi ta fi tsawo. Ta ce wannan ce ta ɗaukaka shi. A ciki ya nuna cewa mutum ko ya yi nisa, ko ba ya motsa yatsa, in anka kira sunanshi cikin wasu sunaye, ƙwaƙwalwarshi tana zabura daban, kuma ana iya ganin zaburar. Ta ce asibitoci da yawa suna aiki da hanyarshi yanzu. Na ce ta gangara ƙasa. Can ƙarshen jeri akwai wata da lambarta ba ta da ko kumari. Ta ce wannan kan masuntan Garu ce, yadda suke kara kunne jikin kwalekwale su ji kifi. Na tuna shekarar da ya zo gida da akwatin wayoyi yana bin tsofaffi bakin ruwa. Ashe ta gida ce ba mai kira.

A bango akwai hoton wani tsoho mai gemu. Ta ce malaminsu ne, ya daɗe da mutuwa. Ta buɗe nashi jerin, ta ce har yau lambarshi tana hawa. Na ce, "Yana kabari ana kiranshi?" Ta ce kullum. Sannan ta koma na ɗana ta ce, "Duba, tun da ya kwanta ma ta ƙaru." Ta faɗa ne don in ji daɗi. Ni sanyi na ji ya shiga ƙashina. Sunan da na adana a bakina tun ranar da anka raɗa shi, ban taɓa bari ya fita ba, ga shi yana yawo bakin mutanen da ba su san fuskarshi ba, suna kira daga gabas, suna kira daga yamma, shi kuwa yana kwance ba ya amsa kowa.

Nan ta faɗi abin da suke so. Ba hira suke so in yi mishi ba. Sunanshi suke so in kira.

Yanzu ku saurara da kyau, don abin da zan faɗa ko Ramatu ba ta san shi ba a lokacin. Yayanta yana yaro yana da aboki, ɗan maƙwabtanmu, Hamidu. Wata rana da tsakar rana suna wasa bakin kogi, Hamidu ya tsaya cak ya ce, "Innata na kirana." Yara sunka ce ba su ji komi ba. Ya ce, "Ga shi ta sake," ya amsa da ƙarfi, ya nufi ruwa yana tahiya kamar mai zuwa gida. Uwar tashi kuwa tana kasuwar Gene tun safe. Sai bayan kwana anka samu gawarshi wajen Garu. Manya sunka ce mutanen ruwa ne, aljanun kogi, sunka ari muryar uwarshi. Ranar da anka rufe yaron na saɓa al'ada sau ɗaya. Na ja ɗana bayan rumbu, na kama kunnenshi, na yi mishi magana baki da baki. Na ce, "Ka san ni ba na faɗin sunanka, kuma ba zan faɗa ba har in mutu. Duk ranar da ka ji muryata tana kiranka da suna, ba ni ba ce. Kada ka amsa, kada ka waiga, kada ka je. Ka kama abin da ke kusa da kai ka riƙe." Ya ce to. Ba mu sake tada maganar ba.

Na faɗa wa Ramatu wannan a gaban Madam na ce ta fassara. Ramatu, rubuta wurin nan, kada ki tsallake. Ta dube ni, ta dubi Baturiya, ta yi 'yar magana gajera wadda ba ta kai tsawon tari ba. Na ce, "Mi kinka ce mata?" Ta ce, "Na ce kina jin nauyi. Inna, nan ba wurin zancen mutanen ruwa ba ne, dariya za su yi mana. Kunya ko ran Yaya, zaɓi ɗaya." Salamatu, da ta rako mu, ta durƙusa ta kama ƙafata. Na duba, ba mai goyon bayana, kuma ni ma ban tabbata ba. Na ce to.

Na zaci gefen gadonshi za a kai ni. A'a. Wani ɗan ɗaki anka sa ni, bangonshi duk soso, anka rufe ƙofa mai kauri. Ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Har gudun jinina ina ji cikin kunnena. Anka ce in kira sunaye ɗaya bayan ɗaya cikin wani ƙarfe mai raga: Garba, Sule, Idi, Mamman. Sannan nashi. Na buɗe baki ya ƙi fita. Na sake. Da ya fita, ɗakin ya haɗiye shi nan take, ko amo bai dawo ba. Sau ɗaya na faɗa. Anka ce ya isa.

Washegari da hantsi a asibiti anka sa mishi wata hula mai wayoyi da yawa, wayoyin sunka tahi cikin ordinater, layuka suna gudu a gilashi kamar ruwa in iska ta taɓa shi. Madam ta aje ɗan akwatin magana kusa da kanshi ta danna. Ina zaune kan kujera, bakina a rufe, hannuna cikin mayafi, sai na ji ni. Muryata, da kakkaryewarta, da tsufanta. "Garba." Shiru. "Sule." Shiru. Kamar mai kiran mutanen da sunka nutse. Sannan ta kira shi. Ta wuce, ta zagayo, ta sake kiranshi. Ta sake. Ba ta gajiya, ba ta jan numfashi, ba ta jin kunya.

Layukan sunka yi tsalle. Wata na'ura ta fara ƙara da sauri, zufa ta keto mishi a goshi. Madam ta dafe baki, hawaye yana zuba, ta ce, "Yana ciki! Ya ji!" Salamatu ta yi sujada nan ƙasa. Likitoci sunka zo sunka duba, sunka ce maganar cire na'ura an aje ta. Kowa yana murna. Ni hannunshi nake kallo. Yatsu biyu sun lanƙwashe bisa ƙarfen gado.

Sunka ce za a riƙa kunna mishi kowace safiya don a jawo shi. Anka yi ta yi. Amma kullum tsallen layin yana raguwa. Yau ya kai nan, gobe bai kai ba. Har anka wayi gari muryar tana kira, layin yana tahiya sumul kamar ba a yi magana ba. Madam ta daina dubana cikin ido. Na ga likitoci sun sake jan Salamatu gefe. Su suna cewa yana nisa. Ni na san abin da yake yi. Yaro ne mai jin magana tun yana ƙarami. An ce mishi kada ya amsa, ya ƙi amsawa, kuma tunda kiran ya ƙi ƙarewa, yana ƙara shigewa inda ba zai ji shi ba.

Rannan ana cikin kunnawa na tashi. Ban san wace waya ce ta akwatin ba, na bi ta da ido tun daga bakinshi har bango, na yi bisimilla na fizge. Ramatu ta yi ihu, ta zaci ta numfashi ce. Ma'aikata sunka rugo. Muryar ta mutu a tsakiyar suna. Na ce, "Ramatu, yanzu za ki faɗa wa matar nan duka, da Hamidu, da bayan rumbu, da komi. In kinka rage kalma ɗaya ban yafe miki nonon da kinka sha ba."

Ta faɗa, tana kuka tana faɗa. Madam ba ta yi dariya ba. Ta jawo kujera ta zauna, ta daɗe tana kallon layukan. Ta ce ita ba ta san mutanen ruwa ba, kuma akwai dalilai da yawa da ke sa layi ya kwanta, amma abin da anka dasa wa yaro da tsoro yana zama a wuri mai zurfi, kuma cikin duk waɗanda sunka gwada wa hanyar nan ba ta taɓa tambayar ko akwai wanda anka hana amsa sunanshi ba. Sannan ta ce, "To in yana barci yana yaro, yaya kike tashe shi?"

Na ce, "Ba na tashe shi. Aike nake yi."

Ta ce, "Yi aiken."

Na juya kujerata na ba gadon gefe, yadda nake zama tsakar gida in ina tankaɗe. Na gyara murya, na ce, "Ramatu! Ke Ramatu! Je ki ce wa yayanki rana ta take. Mutane sun kai fadama, shi yana kwance kamar buhun shinkafa. Ki ce mishi in kunun ya huce ba mai ɗumama mishi wani."

Ba zan yi muku ƙarya ba, bai buɗe ido ba. Layin ne ya ɗan ɗaga, a hankali, ba irin tsallen nan na firgita ba, kuma na'urar zuciya ba ta yi ƙara ba. Madam ta ce in ƙara. Na ƙara da Dandanci, yaren wajenmu, na zagi Ramatu kan wanke-wanke, na ba Salamatu labarin wanda ya mutu da wanda ya yi aure a unguwa, na yi ƙorafin karen da ya cinye kilishin kawunsu. Da munka tashi tahiya Salamatu ta taɓa ni ta nuna. Yatsun sun saki ƙarfen.

Haka na yi ta yi kowace safiya, ina faɗa da mutane a gefen gadonshi, ba na dubanshi. Wata ya ɓace, wani ya tsaya. Anka cire mishi igiyar numfashi. Wata rana ina cikin gaya wa Ramatu ba ta iya zaɓen miji ba, na ji Salamatu ta ja numfashi. Ban waiga ba. Na ce, "Ya buɗe?" Ta ce, "Ya buɗe, Inna. Ke yake kallo." Na ce, "To ku ba shi ruwa." Na fita waje na samu wani lungu bayan ƙofa na yi kukana na shekara da shekaru.

Bizata ta kusa ƙarewa, munka dawo ta hanyar da munka bi. Motar ba ta mutu ba. Da na hangi gada, da koginmu a sake ba bango, da mata suna wanki, sai na ji yunwa, abin da na manta da shi.

Sauran kuwa ga yadda Allah ya yi da su. Madam Kuloodin ta rubuta takarda kan abin da ya faru, ta nemi izinina ta salula. A ciki ni ce "uwar mara lafiya", ba suna, na ce hakan ya yi mini. Ramatu takan duba lambar takardar, ta ce tana rarrafe, wasu malamai kuma sun rubuta cewa mutum ɗaya ba hujja ba ne. Muryar nan, Madam ta goge ta a gabana kafin in taso, amma Ramatu ta ce irin waɗannan abubuwa sukan kwana a wuri fiye da ɗaya. Ban sake tambaya ba. Salamatu ta rame ta mayar. Nana tana koyon Hausa don ta rama zagina. Ƙanena na Gaya har yau bai yafe wa karen ba. Ramatu ga ta nan tana rubutu tana share hanci.

Yayanta kuwa hannunshi na hagu bai dawo duka ba, maganarshi tana jan ƙafa, aiki rabi yake yi. Da sanyin bana ya zo gida. Wata safiya ina tankaɗe, yana zaune bakin zaure da sanda, Ramatu tana tsakaninmu tana yankan albasa. Sai ya ce, "Ramatu, inda nake ɗin nan, ruwa ne. Ba sama, ba ƙasa. Na ji ana kirana da muryar Inna, ana ta kira, daga wajen da ruwan ya fi zurfi. Na samu wani abu na riƙe. Sai can na ji ta ɗaya gefen tana zaginki kan wanke-wanke, na ce to, nan ne tudu." Sannan ya ce, "Tambayar mini ita. Mai kiran nan, ita ce?"

Ramatu ta aje wuƙa tana dubana. Ta san ɗakin soso, ta san bakina ne ya faɗa. Na yi tunanin ranar da zan mutu in bar shi, da kogin nan da ba ya zuwa ko'ina, da muryar da ban tabbata an goge ba.

Ban daina tankaɗe ba. Na ce, "Ce wa yayanki ba ni ba ce. In ya sake ji ma, ba ni ba ce."